Maganin Barci Na Asibiti: Abin Da Za Ka Tarar Ran Aiki

Jama'a, darasinmu na yau a kan maganin barci ne, watau irin wanda likita ke ba mutum in za a yi masa aiki a asibiti. Da yawa daga cikinmu sun fi tsoron barcin bisa ga wuƙar likita. Su kan ce, "Ai barci ƙanin mutuwa ne. In an kwantar da ni, wa ya san ko zan tashi?"

Saboda wannan tsoro sai ka ga mutum yana fama da ƙaba shekara da shekaru. Likita ya ba shi ranar aiki, ranar ta zo ya ƙi zuwa. Ana nan, sai wani dare hanji ya maƙale, ciki ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa, a ɗauko shi ranga-ranga. Aikin da a da za a yi cikin natsuwa, a sallame shi bayan kwana ɗaya ko biyu, ga shi ya zama babba mai hatsari.

Rashin sani ya fi dare duhu. Don haka za mu bi al'amarin daki-daki, tun daga ranar da likita ya sa rana har ranar komawa gida. Za mu ga cewa likita yana da aikinsa, mu ma muna da namu. Namu guda uku ne: faɗin gaskiya, kame baki, da samun mai jinya mai lura.

1. Yadda aka samo shi

A zamanin da, in za a yanke wa mutum ƙafa, ƙarti ne ke danne shi, yana ihu, likita yana sauri. Gwanin likita a lokacin shi ne mai saurin hannu. Wanda ya taɓa ganin maɗori yana jan karaya ya san irin wannan azaba.

Ran 16 ga Oktoba, 1846, a wani babban asibiti na birnin Boston a Amurka, wani likitan haƙori mai suna Wiliyam Moton ya ba wani maras lafiya tururin magani da a ke kira eta ya shaƙa. Mutumin ya yi barci, aka yanke masa ƙari a wuya a gaban taron likitoci, bai yi ihu ba. Labari ya bazu. A 1847 Likita Jemis Simson na birnin Edinbara ya fara aiki da wani maganin, kulorofom. A 1853 Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta shaƙi kulorofom wajen haihuwar ɗanta na takwas.

Waɗancan magunguna na farko suna da wahala. Eta yana sa amai ƙwarai, kuma yana kama wuta. Kulorofom kuwa ya kan tsayar da zuciya. An daɗe da barin kulorofom, eta ma an bar shi a galibin asibitoci. Labaran ban tsoro da yawa da mu ke ji daga bakin tsofaffi, na wancan zamani ne. Magungunan yau sun fi sauƙi nesa ba kusa ba.

2. Hanya uku ta kashe zafi

Ba kowane aiki ne a ke sa mutum barci ba. Hanyoyin uku ne.

Ta fari, a yi allura a kashe ɗan wurin da za a taɓa, kamar wajen cire haƙori ko ɗinke rauni. Mutum yana zaune yana kallo.

Ta biyu, allurar baya. Ita tana kashe jiki daga ciki zuwa ƙafafu na 'yan awoyi. Da ita a kan yi yawancin aikin ciro jariri. Uwa idonta biyu, tana jin kukan ɗanta na fari.

Ta uku ita ce ta darasinmu, watau barci gaba ɗaya. Wannan barci ya bambanta da na dare. Mai barcin dare in an kira shi ya tashi, in sauro ya cije shi ya motsa. Wanda aka ba maganin barci kuwa ba ya ji, ba ya gani, ba ya sanin wucewar lokaci, sai an janye maganin.

Mai ba da maganin dabam ne da mai yin aikin. Shi ne likitan barci, ko kuwa nas da aka horar musamman don wannan. Wurinsa yana wajen kan maras lafiya, kuma ba ya barin wurin tun daga farko har ƙarshe. Likitan fiɗa yana lura da ciwo, shi kuwa yana lura da numfashi da zuciya da jini.

3. Aikinmu na fari: faɗin gaskiya

Kafin ranar aiki za a auna nauyinka da bugun jininka, a ɗebi jini a duba. Likitan barci zai saurari ƙirjinka, ya ce ka buɗe baki, ya duba haƙora da wuya. Sa'an nan zai yi maka tambayoyi. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Ga abin da ya kamata ka faɗa, ko ba a tambaye ka ba:

(a) Ciwon da ka ke da shi: hawan jini, ciwon suga, fuka, farfaɗiya, ciwon zuciya, ciwon ƙoda ko hanta.

(b) Sikila, watau amosanin jini. Mai sikila ba ya son sanyi, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko ƙarancin iska. In likita ya sani zai shirya masa, wani lokaci har a yi masa ƙarin jini kafin aiki.

(c) Dukan maganin da ka ke sha, na asibiti da na kyamis da na gargajiya. Ka zo da kwalayen. Sassaƙe da jiƙo da tsimi duk magani ne. Waɗansu magunguna, kamar asfirin, suna hana jini saurin daskarewa. Na ciwon suga kuwa a kan canja yadda a ke shansu ran aiki. Kada ka daina, kada ka ƙara, sai abin da likita ya ce.

(d) Maganin da jikinka ya taɓa ƙi, har ya sa maka borin jini, ko kumburin fuska, ko toshewar numfashi.

(e) Ko wani ɗan'uwanka na jini ya taɓa shan wahala wajen maganin barci. Akwai lalura da a ke gadonta: wani jikinsa ya ɗauki zafi mai tsanani, wani ya daɗe bai iya numfashi da kansa ba. In an sani, sai a zaɓi wani maganin.

(f) Sigari, giya, wiwi, tiramol, ko maganin tari mai bugarwa. Nan ne kunya ke kama mutane. To, likita ba alƙali ba ne, kuma an ɗora masa riƙon asiri. Jikin da ya saba da waɗannan abubuwa ba ya karɓar maganin barci kamar sauran jikuna, tilas a auna masa nasa dabam. In ba ka son faɗa a gaban dangi, ka ce kana son ganin likita kai kaɗai.

(g) Mace ta faɗa in tana da ciki, ko tana zato, ko tana shayarwa.

(h) Haƙori mai girgiɗi, haƙoran roba, da yawan minshari mai tsayar da numfashi.

In mura ko tari ko zazzaɓi ya kama ka gab da ranar, ka faɗa, balle in yaro ne. Mai yiwuwa a ɗaga aikin. Kada ranka ya ɓaci, don lafiyarka aka yi. Mai shan sigari ya yi ƙoƙari ya bari tun da sauran mako shida ko fiye, gama hayaƙi yana jawo ciwon ƙirji bayan aiki, yana kuma hana rauni saurin warkewa. In bai sami haka ba, ko barin 'yan kwanaki ma yana da amfani.

4. Aikinmu na biyu: kame baki

Za a ce maka kada ka ci kome kafin aiki. Wannan doka ita ce mutane suka fi karyawa, don ba su san dalilinta ba. Ga dalilin.

A maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska. In kana farke ruwa ya ƙware ka, nan da nan sai tari ya fitar da shi. Tari shi ne mai gadin huhu. Maganin barci kuwa har mai gadin ya ke kwantarwa. In akwai abinci a ciki, yana iya tasowa ya gangara cikin huhu, ga ba tari. Abincin da ya gauraya da tsamin ciki yana ƙona huhu, har ya kan yi kisa.

Ga ƙa'idar da asibitoci da yawa ke bi:

Abinci: a daina awa 6 kafin aiki.
Nonon uwa ga jariri: awa 4.
Madarar gwangwani ga jariri: awa 6.
Ruwa zalla: awa 2.

Ku lura da kyau. Koko, kunu, fura da nono, da shayi mai madara, duk abinci ne a wurin likita, ko da ya ke sha a ke yi. Goro ma haka. Abinci mai maiƙo, kamar soyayyen nama, ya fi daɗewa a ciki, gara a bar shi a daren.

Mu yi lissafi. An ce za a shiga da kai ƙarfe 8 na safe. Cire 6 daga 8, saura 2. Ke nan daga ƙarfe 2 na dare ba sauran abinci. Cire 2 daga 8, saura 6. Daga ƙarfe 6 na safe ba sauran ruwa. In asibitinku ya faɗi waɗansu awoyi dabam, nasu za ka bi.

Iyaye mata, gare ku. Yaro zai yi kukan yunwa, tausayi zai kama ku. Kada ku ba shi ko lomar ƙosai a ɓoye. In kuwa an yi kuskure ya ci, ku faɗa. Ɗaga aiki zuwa yamma ko gobe ƙaramin abu ne. A aikin gaggawa, kamar na hatsarin mota, ba a jiran ciki ya sauka. Likita yana da dabarar kare huhu, amma sai an gaya masa abin da aka ci da lokacin da aka ci.

5. Ranar aiki

Za ka yi wanka, a ba ka rigar asibiti. Zobe, 'yan kunne, sarƙa, agogo, laya ko guru, da haƙoran roba, duk ka cire ka ba ɗan'uwanka ajiya. Mata su goge jan farce, kuma kada a sa baƙin lalle a yatsu gab da aiki. Za mu ga dalili nan gaba kaɗan.

Za a kawo takardar yarda. Ka karanta ta a hankali, ko ka sa a karanta maka, kafin ka sa hannu. Matambayi ba ya ɓata. Ka tambaya: wane aiki za a yi? Wace hanya za a kashe zafi? Yaushe zan fara ci?

Za a tura ka bisa gado mai taya zuwa ɗakin tiyata. Ɗakin yana da sanyi da fitilu masu haske, ma'aikata sun rufe hanci da baki. Za a tambaye ka sunanka da wurin ciwon, wannan ya tambaya, wancan ma ya tambaya. Kada ka zaci mantuwa ce. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwan da a ke tabbatarwa kafin a taɓa mutum, don kada a yi wa wani aikin wani, ko a yanka hagu maimakon dama.

Sa'an nan za a ɗaura maka abin awon jini a dantse, a manna waɗansu 'yan faifai a ƙirji don ganin bugun zuciya, a maƙala wani ɗan abu mai jar wuta a yatsa. Shi wannan yana haska farce, yana nuna yawan iskar oksijin da ke cikin jini. Abin da ya sa ba a son fenti ko baƙin lalle a wurin ke nan. Ƙarar "ƙit, ƙit" da za ka riƙa ji bugun zuciyarka ne.

Za a sa maka 'yar roba a jijiyar bayan hannu, irin ta ƙarin ruwa. Zafinta kamar na kowace allura ne. A ɗora maka abin shaƙa a fuska, a ce ka ja numfashi sosai. Iska ce mai kyau. Daga nan sai a tura maganin ta jijiya. Wanda aka fi amfani da shi, furofofol, fari ne kamar madara, ya kan yi ɗan raɗaɗi ko sanyi a hannu. Kai zai yi nauyi, muryoyi su yi nisa. Kafin minti ɗaya ka tafi. Yara ƙanana sau da yawa ta abin shaƙa a ke sa su barci, sa'an nan a sa allurar.

Abin da ya biyo baya ba za ka san shi ba, amma yana da kyau ka ji. Likitan barci zai sa roba a maƙogwaronka don hanyar iska ta zauna a buɗe. A waɗansu ayyuka a kan ba da maganin sake jiki, inji ya riƙa yi maka numfashi. Ana ci gaba da ba ka maganin barcin a hankali, ta shaƙa ko ta jijiya, muddin ana aiki. Watau barcin ba ya ƙarewa don aiki ya yi tsawo. In an gama ɗinki sai a tsayar da maganin, jiki ya fitar da shi, a zare robar, ka farka cikin 'yan mintoci.

6. Farkawa, da abin da ya kan biyo baya

Za ka ji ana kiran sunanka. Mutane da yawa abin da su kan fara cewa shi ne, "Yaushe za a fara?" alhali an gama tuni. Za a ajiye ka a ɗakin farfaɗowa, nas tana lura da kai, kafin a mayar da kai gadonka.

Ga abubuwan da a kan gani. Galibinsu suna wucewa da kansu.

Magagi da kasala. Za ka yi ta barci kana farkawa. Gajiya ta kan kai 'yan kwanaki, balle bayan babban aiki.

Tashin zuciya da amai. In ba a ba da maganin rigakafi ba, wajen mutum 1 cikin 3 ya kan ji shi. Ya fi kama mata, da masu yin amai a mota. In kana cikinsu ka faɗa tun da wuri. Akwai allurarsa.

Ciwon maƙogwaro da dushewar murya. Robar nan ce ta goge wurin. Kwana biyu ko uku ya wuce.

Rawar sanyi. Jiki ya kan huce a ɗakin tiyata. A rufa ka da bargo, ba da daɗewa ba za ta tsaya.

Ƙishirwa, bushewar baki, ciwon kai da jiri. Kada ka sha kome sai nas ta ba da izini, musamman in aikin hanji ne. A kan fara da kurɓin ruwa, sa'an nan abu mai ruwa-ruwa kamar koko. Ran da za ka fara tashi, ka zauna a bakin gado tukuna, wani yana riƙe da kai.

Ciwon jiki, kamar wanda ya wuni yana huɗa. Wani maganin sake jiki ne ke kawo shi, ya kan yi kwana biyu ko uku.

Ƙaiƙayi da taurin bayan gida. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi, irin su mofin, su ne ke jawo su.

Wuyar fitsari. Ya fi samun dattawa maza. In mara ta cika fitsari ya ƙi fita, a gaya wa nas, za a sa roba.

Ɗan rauni a leɓe ko harshe. Jefi-jefi haƙori ya kan gutsure, musamman wanda dama yana girgiɗi.

Mafarkai da sambatu. Akwai wani magani, ketamin, da a ke yawan amfani da shi a ƙananan asibitoci. Mai farkawa daga gare shi ya kan ga abubuwa, ya yi surutai, ko kuka ko dariya. 'Yan'uwa kada su ce iska ce ta taɓa shi. Magani ne, zai sake shi. A rage hayaniya da haske, a bar shi ya farka a hankali. Yaro ma ya kan farka yana kuka yana fizge-fizge, bai gane uwarsa ba. Cikin ɗan lokaci zai dawo daidai.

Ruɗewar tsofaffi. Tsoho ya kan rikice, ya manta inda ya ke, ya tashi cikin dare zai tafi gona. Wannan ya kan yi kwanaki. A sanar da likita, gama wani lokaci alamar wani ciwo ce. A ba shi tabaransa, wanda ya sani ya zauna kusa da shi, a riƙa gaya masa rana da wuri.

Zafin wurin aikin kuwa, kada ka cije ka ce jarumtaka. Wanda ke jin zafi ba ya iya tari ko jan numfashi sosai, daga nan majina ta taru a huhu. Ka faɗa a ba ka magani.

7. Manyan hatsari, da jita-jita

Ba za mu ce babu hatsari ba. Akwai, amma ku ji yawansa. A Birtaniya, inda aka ƙidaya da kyau, an sami haka:

Wanda ya ba da labarin ya san abin da a ke ciki ana tsakiyar aiki: wajen 1 cikin 19,000, bisa binciken da aka fitar a 2014.

Wanda jikinsa ya ƙi magani ƙi mai tsanani: wajen 1 cikin 10,000, bisa binciken 2018. Galibinsu an cece su, don likita yana tsaye da maganin a kusa.

Wanda maganin barcin kansa ya yi ajalinsa: wajen 1 cikin 100,000.

A ƙasashenmu hatsarin ya fi haka, saboda ƙarancin ma'aikata da kayan aiki, da kuma zuwa asibiti a makare. A 2018 aka fitar da wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 25, a kan mutum fiye da 11,000 da aka yi wa aiki. Wajen 2 cikin 100 sun rasu. Abin lura shi ne, fiye da 9 cikin 10 na waɗanda suka rasu, ba a ranar aikin suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya. Ashe wurin da mu ke tsoro, watau teburin likita, nan ne aka fi sa wa mutum ido. Inda ido ke ƙaranci shi ne bayan an koma gado.

Sauran maganganun da a ke yi fa? Wai maganin barci yana hana haihuwa, ko yana rage ƙarfin namiji, ko yana rage kwana. Babu hujjar ko ɗaya. Wai mutum zai tona asirinsa. Mai barcin nan ba ya magana sam, abin da ya kan faɗa wajen farkawa kuwa galibi shirme ne mara kan gado. Wai mai shayarwa ta zubar da nononta. Likitoci sun ce in ta farka sosai, har tana iya riƙe ɗanta, ta ba shi, sai fa in likitanta ya hana saboda wani magani.

8. Aikinmu na uku: mai jinya mai lura

Nas ɗaya tana iya kasancewa da gadaje da yawa. Don haka idon ɗan'uwa yana da daraja. A zaɓi babba mai hankali, wanda zai kwana kusa. In maras lafiya yana amai cikin magagi, a juya shi ya kwanta ta gefe. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko jiƙo yana cikin magagi. Masu dubiya su taƙaita.

A kira nas nan take, ko a koma asibiti in an riga an sallame shi, in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Numfashi da ƙyar, ko da sauri, ko a hankali ƙwarai.
An tashe shi ya ƙi tashi.
Leɓe da harshe sun yi fari ko toka-toka.
Jini yana jiƙa bandeji.
Zazzaɓi, ko rauni ya kumbura yana ruwa.
Amai ya ƙi tsayawa, ko ciki yana ta kumbura.
Awa 8 ba fitsari.
Ciwon ƙirji, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo.

Kada a ce bari gari ya waye. Kada a ji nauyin tashin ma'aikaci, aikinsa ke nan.

Shi kuma maras lafiya ya riƙa jan dogon numfashi, yana motsa ƙafafu a gado, ya tashi ya taka da zarar an ba shi izini. Wannan yana buɗe huhu, yana hana jini daskarewa a ƙafa.

Ko mutum ya ji garau, maganin bai gama barin kansa ba sai bayan awa 24. A cikin wannan lokaci kada ya tuƙa mota ko babur ko keke. Kada ya hau bishiya ko tsani, kada ya je bakin rijiya ko rafi. Mace kada ta yi girki, kada a bar ta ita kaɗai da jariri. Kada a sha giya ko maganin barci. Kada a ƙulla ciniki, ko a sa hannu a takardar gona ko ta bashi. Sannu ba ta hana zuwa.

To jama'a, wanda likita ya ba ranar aiki, ya je a ranar. Wanda kuma ya san wani da ke ɓoye da takardar asibiti a ƙarƙashin tabarma don tsoro, ya karanta masa wannan darasi. Allah ya ba mu lafiya.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka nuna aikin maganin barci a Boston?
2. Faɗi hanya uku ta kashe zafi.
3. Don me a ke hana cin abinci kafin aiki?
4. Za a shiga da yaro ƙarfe 10 na safe. Ƙarfe nawa zai daina shan koko? Ƙarfe nawa zai daina shan ruwa?
5. Faɗi abu biyar da za ka gaya wa likitan barci.
6. Faɗi alamu huɗu da za su sa mai jinya ya kira nas.
7. Faɗi abu uku da ba a yi sai bayan awa 24.

Shifta

Kowa ya rubuta wannan a littafinsa: "Zan gaya wa likita gaskiya. Ba zan ci kome ba sai an ce in ci. Zan zo da mai jinya mai lura."